Layukan Hayaƙi a Gefen Bom: Sharhi a Kan Wani Ƙagaggen Labari da Bai Kai Maɗaba'a Ba Tukuna

Gabatarwa

A ƙarshen zangon karatun da ya wuce ne wani matashi ɗan ƙungiyarmu, wanda ya taɓa zama ɗalibinmu a sakandare, ya taso daga Aliero ya same mu a nan Maiyama, ya damƙa mana rubutun littafinsa na farko mai shafi 96, ya ce mu duba masa kafin ya kai maɗaba'a. Bayan mun karanta shi sau biyu sai muka nemi izininsa mu kawo sharhin a wannan mujalla, domin abubuwan da muka gani a ciki, masu kyau da masu bukatar gyara, sun shafi yawancin masu tasowa a fagen rubutu. Ya amince, bisa sharaɗin kada mu ambaci sunansa ko sunan littafin. Mun cika masa wannan alkawari, kuma muna fata ya ɗauki abin da za mu faɗa da zuciya ɗaya, tun da gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Tun farko ya kamata mu yaba masa a kan zaɓen jigo. A lokacin da galibin rubuce-rubucen da ke zuwa hannunmu ba su wuce soyayya da kishi da auren dole ba, shi sai ya waiwayi shekarar 1960, lokacin da Faransa ta fara gwajin bom ɗin nukiliya a hamadar Sahara, ya tambayi kansa yadda labarin ya iske mutanen ƙasar Gwandu. Wannan tambaya ce mai nauyi, kuma saboda nauyinta ne za mu tsananta bincike.

Labarin a Taƙaice

An gina labarin a wani ƙauye kusa da Jega. Manyan taurarinsa uku ne: wata tsohuwa da ke riƙon jikanta maraya, da ɗanta mai dako a kasuwar Jega wanda shi ke kawo labaran duniya gida, da kuma malamin makarantar elemantare da ke karanta wa jama'a jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a gindin bishiya. Jita-jita ta bazu cewa Faransawa za su tayar da wani makami a arewa wanda gubarsa za ta biyo iskar hunturu. A babi na 5 aka tayar da bom ɗin. Daga nan jikan tsohuwar ya kamu da tari da zazzaɓi, gari ya rabu biyu, wasu na cewa bom ne, wasu na cewa cutar rani ce da aka saba. Yaron ya rasu a babi na 9, sa'annan littafin ya ƙare da dogon jawabin malamin makaranta.

Hoton Bango da Fararen Layuka

A bangon littafin marubucin ya sa wani sanannen hoto: ƙatuwar igwa a gaba, can nesa gajimaren bom ya tashi kamar laimar kwaɗi, a gefensa kuma ga waɗansu fararen layuka sirara sun miƙe daga ƙasa zuwa sama. Waɗannan layuka sun burge shi ƙwarai, har ya shigo da su cikin babi na 5, inda ya ce mutanen ƙauyen sun ga "fararen zaruruwa suna saukowa daga sama kamar hawayen samaniya." Jimlar tana da daɗin ji, amma kuskure biyu ne a cikinta.

Na farko, hoton ba na Sahara ba ne. Na wani gwaji ne da Amurka ta yi a jihar Nebada ranar 25 ga Mayu, 1953, inda aka harba bom mai ƙarfin tan dubu 15 na nakiya daga bakin igwa. Na biyu kuma, layukan ba daga sama suka sauko ba, ba kuma bom ɗin ne ya haife su ba. Hayaƙin ƙananan rokoki ne da masu gwajin da kansu suka harba daga ƙasa, 'yan daƙiƙoƙi kafin fashewar, domin su yi awo da shi. Da yake wannan shi ne ƙashin bayan sharhinmu, bari mu ɗan tsaya mu yi bayaninsa.

Idan bom ya fashe, bayan haske da zafi akwai abu na uku da ke rusa gine-gine, wato bugun iska. Iskar da ke kewaye da wutar takan matse wuri guda ta zama kamar bango, ta ruga ta ko'ina da gudun da a farkonsa ya fi na sauti nesa ba kusa ba. Matsalar masana ita ce wannan bango ba shi da launi, ido ba ya ganinsa, kyamara ma haka. To yaya za a auna gudun abin da ba a gani?

Amsar ta zo musu ne ba tare da shiri ba. A gwajin farko na duniya, wanda aka yi a New Mexico ranar 16 ga Yuli, 1945, akwai wata igiyar ƙarfe da ke riƙe da balan-balan a bayan wurin fashewar. Da aka wanke hotuna sai aka ga kamar igiyar ta karye a wani wuri, alhali lafiyarta lau a wannan lokacin, kuma a kowane hoto na gaba wurin karyewar yana matsawa. Dalili shi ne haske yakan lanƙwashe idan ya ratsa iskar da ta matse, kamar yadda sanda ke zama kamar ta karye idan aka tsoma rabinta a cikin ruwa, ko yadda kawalwalniya ke wasa a kan kwaltar Jega zuwa Birnin Kebbi da tsakar rana a watan Afrilu. Wurin karyewar nan shi ne daidai inda bangon iskar yake.

Daga nan sai suka ce, maimakon igiya ɗaya ta katari, me zai hana a ja layuka da yawa a sararin sama, kamar yadda malami ke ja wa ɗan aji ɗaya layi a allo? Sai aka riƙa jera rokoki a bayan wurin gwaji, a harba su su bar miƙaƙƙen hayaƙi, a kuma kafa kyamarori masu ɗaukar ɗaruruwan hotuna a daƙiƙa guda. Bangon iskar na wucewa ta gaban layukan, sai kowane layi ya nuna 'yar karyewa. An san tazarar da ke tsakani, an san lokacin da ke tsakanin hoto da hoto, saboda haka gudun ya fito. Wanda ya san gudun kuwa, lissafi zai ba shi ƙarfin matsin. Har ila yau, idan bugun ya isa kan hayaƙin kansa yakan ture shi gefe, wannan kuma ya nuna yadda ita iskar take motsi a bayan bangon.

Da marubucinmu ya tambayi ko da malamin kimiyyar makarantar da ke kusa da shi, da bai kira aikin injiniyoyi hawayen samaniya ba. Rashin sani ya fi dare duhu, amma tambaya ba ta da tsada.

Babi na 5: Abin da Ba Zai Yiwu a Gani Daga Jega Ba

Ko da an cire layukan, babi na 5 yana da sauran matsala. Faransa ta tayar da bom ɗinta na farko ne da safiyar Asabar, 13 ga Fabrairu, 1960, a kan wata hasumiyar ƙarfe mai tsawon mita 100, kusa da Reggane a kudancin Aljeriya. Ƙarfinsa ya kai tan dubu 70, wato ya ninka na Hiroshima wajen sau huɗu. Duk da haka, tsakanin wurin da ƙasar Jega akwai fiye da kilomita 1,500. Babu wanda zai tsaya a bakin gulbi a nan ya hango gajimaren, balle a ce bango ya tsage ko tukwane sun faɗo daga kan murhu kamar yadda aka rubuta.

Bugu da ƙari, marubucin ya ce jama'a sun ga hasken "a daidai lokacin da ƙarar ta toshe musu kunne." Wannan daga fim aka kwaso shi. Duk wanda ya taɓa hango mai daka daga nesa ya san taɓarya kan sauka kafin ya ji lugudenta, kuma walƙiya kan riga tsawa. Sauti yana cin kusan daƙiƙa 3 kafin ya yi kilomita ɗaya. A gwajin 1945 ɗin nan, masanin kimiyya Enrico Fermi yana tsaye a tazarar kilomita 16, kuma sai da aka yi kusan daƙiƙa 40 bayan hasken kafin bugun iskar ya iso gare shi. Abin da ya yi a wannan lokaci darasi ne ga marubuci: ya saki 'yan guntayen takarda daga hannunsa, ya ga iskar ta ture su wajen mita biyu da rabi, daga nan ya ƙiyasta ƙarfin bom ɗin da tan dubu 10. Awon da aka yi daga baya ya nuna ya ninka haka sau biyu da ɗoriya, amma a ce da yagaggiyar takarda mutum ya kusanci amsa irin wannan, ai ya isa abin lura.

Akwai kuma ƙananan tuntuɓe na zamani. An sa ɗan dakon yana karɓar ladansa da naira, alhali naira ba ta zo ba sai 1973. Fam da sule da kwabo ake kashewa. An ambaci Jihar Kebbi, wadda aka ƙirƙiro a 1991. A wancan lokaci ƙasar Gwandu tana cikin Lardin Sakkwato ne, a zamanin Sarkin Gwandu Haruna Rashid. An kuma sa malamin yana cewa "mu 'yantacciyar ƙasa ce" a watan Fabrairu, alhali sai 1 ga Oktoba aka sami mulkin kai. Wani abin da ya kuɓuce wa marubucin shi ne ranar gwajin ta faɗo a tsakiyar watan Sha'aban, saura kamar mako biyu a kama azumi. Da ya lura da haka, da ya sami abin da zai cika bakin taurarinsa da shi: tanadin gero, da zancen ganin wata a cikin hazo, da tari a sahun asham.

Babi na 7: Inda Marubucin Ya Yi Abin Kirki

Wanda ya karanta abin da ya gabata zai zaci littafin ba shi da mamora. Ba haka ba ne. A babi na 7 akwai shafi uku da muke ganin sun fi duk sauran littafin daraja, kuma babu wuta ko ƙara a cikinsu. Hazo ya sauko kamar yadda yake saukowa kowace shekara. Tsohuwar ta fito da asuba ta shafa murfin randa, ta dubi ƙurar da ta maƙale a yatsanta, ta daɗe tana dubawa, sa'annan ta ɗauko tsohon zanenta ta ƙara lulluɓe randar. Ta hana jikanta fita kiwo. Maƙwabciyarta ta kwashe kuɓewar da ta shanya a kan rufin ɗaki tun ba ta bushe ba. A kasuwa kuma wani mai sayen albasa daga kudu ya yi amfani da jita-jitar ya karya farashi, manomin Aliero ya sayar a kan dole yana haɗiye baƙin ciki.

A nan marubucin ya yi, ba tare da ya sani ba, irin abin da masu harba rokokin nan suka yi. Tsoro da jita-jita ba su da launi, kamar dai bugun iska. Hanyar nuna su ita ce a fara shimfiɗa wa mai karatu rayuwar yau da kullum a miƙe, randa da kiwo da shanya da ciniki, sa'annan a bar shi ya ga inda kowannensu ya karkace. Mai karatu da ya san yadda tsohuwa ke buɗe randarta kullum, shi zai auna nauyin ranar da ta ƙara mata zane. Abin takaici shi ne babi na 1 zuwa na 4 ba su yi wannan shimfiɗa sosai ba. An cika su da bayanin siyasar duniya daga bakin malamin makaranta, har ba mu san sunan akuyar yaron ko abin da tsohuwar ke sayarwa ba sai da aka yi nisa. Layin da ba a ja shi tun farko ba, ba za a ga karyewarsa ba.

Jigo da Warwararsa

Babban rauni na littafin yana ƙarshensa. Bayan rasuwar yaron, malamin ya miƙe ya yi jawabin shafi huɗu, inda ya tabbatar da cewa bom ne ya kashe shi, har ya kawo adadin dubban mutanen da ya ce sun mutu a ƙasar Jega. Da muka tambayi marubucin inda ya samo adadin, sai ya ce ƙiyasi ne. Ƙagaggen labari yana da 'yancin ƙaga mutane da garuruwa, amma idan ya jingina da abin da ya faru a tarihi, ba shi da 'yancin ƙaga adadin gawa. Mai karatu zai ɗauka gaskiya ne ya kai gaba, ranar da aka gano kuma sai a ƙi yarda da sauran abin da ke gaskiya a littafin.

Ga shi kuwa gaskiyar ta ishe shi. Fargabar mutanenmu ba ta banza ba ce. Tun a Nuwamba 1959 Majalisar Ɗinkin Duniya ta roƙi Faransa ta fasa, ta ƙi. A Disamba na wannan shekara wata tawagar masu adawa da gwajin ta taso daga Ghana da niyyar isa wurin, jami'an Faransa suka tare ta a ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso. Bayan gwaji na uku, na ranar 27 ga Disamba, 1960, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa daga Legas a Janairu 1961, ta kuma hana jiragen Faransa na sama da na ruwa shigowa. Faransa ta yi gwaji 4 a sararin Reggane, ta ƙara 13 a ƙarƙashin dutse a In Ekker har zuwa 1966. A 2014 kuma wata jaridar Faransa ta buga taswirar sojan ƙasar da aka daɗe ana ɓoyewa, wadda ta nuna burbushin gwajin farko ya bazu a kan yawancin Afirka ta Yamma, har cikin kwana 13 ya taɓo gaɓar Turai.

Amma sanin cewa ƙura ta ratsa samaniya daban ne da sanin abin da ya kashe yaro guda a ƙauye guda. Sanƙarau da ƙyanda da tari suna zuwa da rani tun kafin a ƙera bom. Tsohuwar ba ta da hanyar bambancewa, malamin ma ba shi da ita, kuma a ganinmu nan ne ainihin jigon littafin yake kwance. Masu gwajin makamai sun kashe dukiya mai yawa domin su ga abin da ba a gani. Sun ja layi a sama, sun auna bugun iska daƙiƙa bayan daƙiƙa, domin su san tsawon da ya fi dacewa a tayar da bom a kan gari ya fi yin ɓarna, da irin matsin da zai rusa gini ko ya kifar da tankar yaƙi. Su kuwa mutanen da iska ke kai wa ƙurar, ba wanda ya zo ya gaya musu ko ruwan randarsu lafiya yake. Da marubucin ya bar tsohuwar a cikin wannan rashin tabbas, tana binne jikanta ba ta san wanda za ta kai ƙara ba, da littafin ya fi ciwo, ya kuma fi gaskiya. Jawabin malamin ya zo ya rufe ramin da ya kamata a bar mai karatu ya leƙa.

Salo da Sarrafa Harshe

Hausar marubucin tana da tsabta, jimlolinsa ba su da sarƙaƙiya, kuma ya iya sakin karin magana a inda ya dace. Sai dai ya sa tsohuwar ƙauyen Jega ta 1960 tana magana da daidaitacciyar Hausa kamar mai karanta labarai a rediyo. Ya rubuta: "Ku rufe randar nan, wannan ƙura ba irin tamu ba ce." Kakanninmu na nan cewa za su yi: "Ku ruhe randag ga, ƙurag ga ba irin tamu ba ta." Ba muna nufin a rubuta dukan littafin da karin harshen yamma ba. Mai ba da labari ya riƙe daidaitacciyar Hausa, amma taurari su yi magana da bakin garinsu. Haka kuma tsohuwar ba za ta ce "nukiliya" ba. Za ta laƙaba wa abin suna daga abin da ta sani, kuma nemo wannan suna aikin marubuci ne.

Wajen tsari, babi 10 sun yi wa labarin yawa. Idan aka haɗe na 1 da na 2, aka rage jawaban malamin, za a sami filin faɗaɗa zaman gidan tsohuwar da kasuwar Jega.

Kammalawa

Shawararmu ga marubucin uku ce. Ya sauya hoton bango, ko kuwa idan yana son layukan hayaƙin, ya ba su muhallinsu na gaskiya, alal misali malamin ya ga irin hoton a wata tsohuwar mujalla ya yi ta mamakin ma'anarsu. Ya rushe babi na 5 ya sake gina shi a kan abin da mutanen nan za su iya sani a ranar, wato safiyar Asabar mai hazo wadda ba abin da ya faru a cikinta sai daga baya labari ya iso ta rediyo, tun da Sashen Hausa na BBC ya fara aiki tun 1957. Sa'annan ya cire jawabin ƙarshe da adadin da ke cikinsa.

Ga sauran 'yan'uwa marubuta kuma, tun 1963 Amurka da Ingila da Tarayyar Sobiyet suka daina gwaji a sarari, Faransa ta bi sahu bayan 1974, saboda haka hotunan da ke akwai su ne ke nan, kuma suna nan a ajiye ga mai son nazari. Abin da ba a ajiye ba shi ne abin da ke cikin kan dattawanmu. Wanda yake ɗan shekara 15 a 1960 yanzu ya kai 80 ko ya haura ta. Suna nan a Maiyama da Jega da Aliero, a zaure da ƙofar masallaci da rumfunan kasuwa. Mun shawarci ɗalibin namu ya ɗauki littafin rubutu ya zauna da goma daga cikinsu, maza da mata, ya tambaye su abin da suka ji a shekarar mulkin kai game da hazo da Faransawa, ya rubuta har da amsar waɗanda suka ce ba su ji komai ba. Ya yi mana alkawarin zai fara a wannan hutu, mu kuma mun yi masa alkawarin sake karanta littafin idan ya dawo da shi.

Allah ya ƙara mana basira, ya sa alƙalumanmu su amfani jama'a, amin.

Daga Maiyama, Jihar Kebbi.